Yadda ake karantar tallar fim ɗin ban tsoro, na zullumi da na almara kafin a yanke masa hukunci

Da zarar an saki tallar wani sabon fim na ban tsoro, ko na almara mai dodanni da sarakuna, kafin awa guda za ka tarar an rabu gida biyu. Wasu na cewa fim ɗin zai yi wuta, wasu na cewa shirme ne. Kuma dukkansu minti biyu kacal suka gani. Na daɗe ina cikin masu saurin yabo. Akwai fim ɗin da na yi wata biyar ina jira saboda tallarsa, ina ƙirga kwanaki, ina damun abokaina da zancensa. Ranar da na zauna kallonsa na gane cewa abin da ya girgiza ni a tallar ba ya cikin fim ɗin kwata-kwata. Ƙarar kiɗa ce da gwanintar edita. Abin ya yi mini ciwo, kuma tun daga ranar na koya wa kaina wata hanya ta kallon talla. Ita zan shimfiɗa a nan.

Amma kafin matakan, riƙe wannan: yawanci ba daraktan fim ne ke haɗa tallarsa ba. A Amurka akwai kamfanoni na musamman da wannan ce sana'arsu, irin su Trailer Park da Buddha Jones. Kamfanin da zai rarraba fim ɗin ne ke ɗaukarsu aiki, sau da yawa tun fim ɗin bai kammala ba. Saboda haka idan talla ta burge ka, hannu biyu ne a ciki: na wanda ya yi fim, da na wanda aka biya ya sayar maka da shi. Duk aikin da ke gabanmu shi ne raba hannayen nan biyu.

Mataki na farko: tabbatar tallar ta gaskiya ce

Wannan ba ya cin minti ɗaya, amma mutane da yawa a nan suke faɗawa. YouTube da Facebook cike suke da tallace-tallacen bogi, waɗanda ake haɗawa da guntayen tsofaffin finafinai da hotunan ƙirƙirarriyar basira. A 2025 sai da YouTube ta hana wasu manyan tashoshi biyu, Screen Culture da KH Studio, samun kuɗin talla saboda irin wannan aiki. Dubi sunan tashar da ta ɗora. In ba ta kamfanin fim ɗin ba ce, je ka nemo ta kamfanin ka ga ko tallar na can. Fuskar jarumi mai sulɓi kamar an shafa mata mai, baki yana motsi daban murya daban, babu ranar fitowa takamaimai a ƙarshe: rufe kawai, kada ka ƙona datarka.

Mataki na biyu: san wace iri ce a gabanka

Talla kala-kala ce. Akwai somin-taɓi, gajeriya, wadda kan fito watanni da yawa kafin fim. Aikinta ta sanar da kai cewa abu na tafe, ta ɗan ɗanɗana maka yanayinsa. Ba a yanke hukunci da ita. Sai cikakkiyar talla, wadda bisa ƙa'idar ƙungiyar masu shirya finafinai ta Amurka ba ta cika wuce minti biyu da rabi ba. Sai ta ƙarshe, ana dab da fitowa, wadda ita ce ta fi tona asirin labari, domin a lokacin kamfani na neman jawo wanda har yanzu yake shakka.

Masu bin finafinan Indiya sun san nasu tsarin ya fi tsawo: hoton farko, somin-taɓi, waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan cikakkiyar talla wadda kan kai minti uku.

A finafinan Amurka kula da allon da kan bayyana a farkon talla. Kore na nufin an tace ta yadda yawancin masu kallo za su iya gani. Ja na nufin ta manya ce, akwai jini ko ashar ko tsiraici. Ga wanda zai kalli fim da iyali wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Talla mai koren allo ba ta nufin fim ɗin kansa mai tsabta ne. Nemi harafin da aka ba fim ɗin: PG-13 na nufin iyaye su yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13, R kuma 'yan ƙasa da 17 sai da babba. Idan fim ɗin ban tsoro yana da jar talla, kalle ta kai kaɗai tukuna, domin ita ce ta fi kusa da gaskiyar abin da ke ciki.

Mataki na uku: kalla sau ɗaya kamar kowa

Sa abin sauraro a kunne, bar ta ta yi maka yadda aka so ta yi maka. Idan ta ƙare, tambayi kanka abu ɗaya: me ya rage a raina? Hoto ne, ko fuska, ko wata tambaya da nake son jin amsarta? Ko kuwa bugun zuciya ne kawai da ba zan iya cewa ga abin da ya jawo shi ba? Ajiye amsar, za mu dawo kanta.

Mataki na huɗu: kashe murya ka sake kallo

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Rabin tsoron da ke cikin talla ta kunne yake shiga. Akwai dabarun da kusan kowane edita ke amfani da su. Sauti ya riƙa hawa a hankali kamar jirgi zai tashi, sai a yi tsit na daƙiƙa biyu, sai a buga ƙara mai tsinka zuciya. Ko a yi ta yanke hoto zuwa baƙin allo, a dawo, a sake yankewa, daidai da bugun ganga. Ka cire sautin nan, sai ka ga abin da ya rage.

Na taɓa gwada wannan da ƙanena, muna zaune a tsakar gida da dare an ɗauke wuta. Da murya, sau biyu yana zabura har wayar ta kusa suɓuce masa. Na ce, "Tsaya, ƙanena, mu sake ba murya." Me muka gani? Mace na tafiya a dogon lungu riƙe da tocila. Ƙofa ta rufe. Baƙin allo. Mace ta waiga. Baƙin allo. Wata fuska fara ta faɗo gaban kyamara. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ai babu komai a ciki." Gaskiyarsa. Babu hoto ko ɗaya da zai bi ka har shimfiɗa.

To ka gwada haka da tallar The Shining ta 1980. Hoto ɗaya ne tak daga farko har ƙarshe: ƙofar lifta a otal, sunaye na wucewa, sai jini ya ɓalle kamar ambaliya ya cika wurin har yana ɗaga kujeru. Ko da murya ko babu, hoton nan zai zauna maka. Wannan shi ne hannun darakta, ba na mai talla ba.

Yayin da kake kallo shiru, lura da abubuwa uku. Na ɗaya, ina aka ajiye kyamara? Daraktan da ya san tsoro yakan bar fili a bayan jarumi, wani lungu mai duhu ko ƙofa a buɗe, ya sa idonka ya yi ta yawo yana neman abin da ba ka son gani. Na biyu, duhun da kake gani, duhu ne da aka tsara, wanda kake iya rarrabe fuska da inuwa a cikinsa, ko kuwa baƙi ƙirin ne da aka lulluɓe rashin kuɗi da shi? Na uku, fuskokin 'yan wasa. Ihu kowa ya iya. Nemi wanda tsoro ya bayyana a idonsa bakinsa a rufe. In ka sami fitowa ɗaya irin wannan, akwai ɗan wasa a fim ɗin.

Sannan ka ƙirga dogayen hotuna. Idan a minti biyu babu hoto ɗaya da aka bari ya kai daƙiƙa huɗu ko biyar, mai yiwuwa edita bai sami abin da zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Ban ce dole ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Mataki na biyar: kife wayar ka saurara kawai

Yanzu akasin haka. Kada ka kalla, ji kawai. Abin da kake nema shi ne maganganun 'yan wasa. Mutane ne ke hira, ko kuwa ana karanta maka bayanin labari ne ta bakinsu? Idan duk jimlolin irin su "wani abu na cikin gidan nan" ne da "ba mu da lokaci", waɗanda ka ji a finafinai hamsin, to ka rage buri game da rubutun. Edita mafi kyawun jimloli yake tsinta. In waɗannan ne mafi kyau, ka san sauran.

Kiɗan kuwa kada ka ba fim ɗin ladansa. Yawanci kiɗan fim na cikin abubuwan da ake gamawa a ƙarshe, don haka na talla aro ne ko saye. Kuma yayi ne ke juya shi. Bayan tallar Inception a 2010, mai ƙarar nan kamar busa ƙaton ƙaho, shekaru aka yi kowa na kwaikwaya. A shekarar dai tallar The Social Network ta ɗauki sananniyar waƙa aka rera ta a hankali da muryoyin mata, daga nan ya zama al'ada a ɗauko tsohuwar waƙa mai daɗi a ja ta har ta koma abin tsoro. Wani lokaci zaɓin sautin kan nuna an yi tunani. Tallar 28 Years Later da ta fito a ƙarshen 2024 ta yi amfani da muryar wani mutum da aka naɗa tun 1915 yana karanta baitocin marubuci Rudyard Kipling a kan tattakin sojoji, muryar na ƙara hawa kamar mai shirin zaucewa. Ya dace da labarin sosai. Duk da haka, tambayar na nan: da aka cire muryar, me hotunan suka ce?

Mataki na shida: auna ta da ma'aunin nau'inta

Fim ɗin ban tsoro. Tambaya ta farko: an nuna dodon? Abin da ba ka gani ba, ya fi wanda ka gani ban tsoro, kowane yaron da aka taɓa yi wa tatsuniyar Dodo da dare ya san haka. Kamfanin da ya yarda da fim ɗinsa yakan ɓoye. A 2024 kamfanin Neon ya tallata Longlegs ba tare da ya nuna cikakkiyar fuskar Nicolas Cage ba, alhali shi ne mafi shahara a fim ɗin. Tallar Paranormal Activity a 2009 ma ta fi nuna 'yan kallo a sinima suna zabura suna rufe ido, fim ɗin da aka ɗauka da kimanin dala 15,000 ya kuma tara sama da dala miliyan 190. Idan kuwa tun a minti na farko an fito maka da aljanar tsaf, daga kai har ƙafa, ƙarƙashin haske, to me aka ajiye maka?

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci: wane irin tsoro ne? Akwai na zabura, wanda ake firgita ka kowane minti goma ka yi ihu ka yi dariya. Akwai na sanyin jiki, mai tafiyar hawainiya, wanda ke cika maka ƙirji da damuwa har bayan an gama. Matsalar ita ce, ana yawan tallata na biyun da rigar na farko, domin shi ya fi kasuwa. Kamfanin CinemaScore na tambayar 'yan kallo a Amurka ra'ayinsu a daren farko, su ba da maki daga A zuwa F. It Comes at Night na 2017 D ya samu, Hereditary na 2018 ya sami D+, alhali masu sharhi sun yaba musu sosai. A ganina ba finafinan ne suka lalace ba. Mutane sun je cin tuwo ne aka kawo musu fura. Alamar da ke tona wannan: idan hotunan talla natsattsu ne, na iyali da gida da fuskoki, amma sautin ne kaɗai ke hauka, to fim ɗin mai sanyin tafiya ne. In irinsa kake so, ka dace. In na zabura kake nema, nemi wani.

Fim ɗin zullumi, na bincike da makirci da wa-ya-kashe. A nan shawarata gajeriya ce: tsaya a tsakiya. Yawancin tallace-tallace kashi uku ne. Gabatar da mutane, sai matsalar da ta same su, sai ruwan hotuna a guje a daƙiƙu talatin ko arba'in na ƙarshe. A kashi na ukun nan ake zubar da sirri. Tallar Terminator Genisys a 2015 ta fallasa babban juyin labarin, har daraktan, Alan Taylor, ya fito ya nuna bai ji daɗi ba. Ta Pet Sematary a 2019 ma ta bayyana babban sauyin da aka yi wa labarin littafin. Don haka da zarar ka fahimci matsalar da jarumi ya shiga, danna tsayawa. Tambayi kanka: zan iya faɗin matsalar nan a jimla ɗaya? Ina son sanin yadda za ta kaya? In amsar biyun e ce, ya isa. Fim ɗin zullumi da matsalarsa ba ta faɗuwa a jimla ɗaya, galibi a cikinsa ma a dagule take.

Fim ɗin almara. A nan ido ke ruɗuwa: birane a sararin sama, macizai masu fiffike, runduna ba iyaka. Tsayar da hoton ka dubi ƙafafu da inuwa. Halittar na taka ƙasa da nauyi, ƙura na tashi, ko tana shawagi kamar an manna ta? Hasken da ke fuskar jarumi daga ɓangare ɗaya yake da na bayansa? Tufafin sun ga rana da gumi, ko yanzu aka karɓo su daga tela? Sai dai ka yi adalci, siddabarun kwamfuta na cikin talla sau da yawa ba a gama shi ba. Bayan ƙorafin jama'a kan tallar Sonic the Hedgehog a Afrilun 2019, an sake zana halittar gaba ɗaya, aka ɗaga fim ɗin daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020. Amma ba kullum ƙarin lokaci ke gyara ba. Adipurush na Indiya ya sha suka tun somin-taɓinsa a Oktoban 2022, aka ɗaga shi daga Janairu zuwa Yunin 2023 don a gyara, ya fito sukar ba ta tsaya ba.

Abin da ya fi siddabarun muhimmanci shi ne mutum. Bayan ka gama kallo, za ka iya cewa wane ne jarumin, me yake nema, me zai rasa in ya gaza? In abin da ka riƙe duka gine-gine ne da yaƙi, ina jin tsoron kyan ɗan maciji ne. Ka kuma lura da tallar da babu wanda ya buɗe baki a cikinta sai muryar mai ba da labari. Wani lokaci harshe ake ɓoyewa: tallar Pan's Labyrinth ta Amurka ba ta bari an ji cewa da Sifaniyanci aka yi fim ɗin ba.

Mataki na bakwai: karanta rubutun da ke gilmawa

"Daga daraktan kaza" magana ce mai nauyi, je ka duba aikinsa na baya. "Daga furodusan kaza" ta fi sauƙi. "Daga kamfanin da ya kawo muku kaza" kusan ba ta ce komai ba, kamfani ɗaya na iya fitar da gwani da shirme a wata guda. In an ambaci kowa ban da darakta da marubuci, nemo sunayensu da kanka.

"Bisa labarin gaskiya" a fim ɗin ban tsoro, ɗauke ta da sassauci ƙwarai. Sau da yawa sunan gari ne ko na gida kawai gaskiyar.

Kalmomin yabo na masu sharhi kuma, tsayar ka karanta ƙaramin sunan da ke ƙasa. Jarida ce da ka sani, ko wani ne can a shafin sada zumunta? An sha yin maguɗi a nan. A 2001 aka gano kamfanin Sony ya ƙirƙiri wani mai sharhi da babu shi a duniya, David Manning, yana yabon finafinansa. A Agustan 2024 kamfanin Lionsgate ya janye tallar Megalopolis ya nemi afuwa, bayan an gano kalaman da aka jingina wa shahararrun masu sharhi ba su taɓa faɗarsu ba.

Kada kuma ka rantse cewa duk abin da ka gani yana cikin fim. A tallar Avengers: Infinity War an ga Hulk a guje cikin rundunar Wakanda, a fim ɗin babu wannan hoton. Wasu mutum biyu ma sun kai kamfanin Universal kotu a 2022 saboda sun biya dala 3.99 kowannensu don kallon Yesterday, bayan sun ga 'yar wasa Ana de Armas a talla, suka tarar an yanke ta daga fim ɗin.

Mataki na takwas: dubi abin da ke wajen tallar

Ranar fitowa na magana. Janairu a Amurka an san shi da watan da kamfanoni ke sauke finafinan da ba su da tabbas a kansu, ko da yake M3GAN ya fito a Janairun 2023 ya kuma karɓu. Oktoba kakar finafinan tsoro ce saboda bikin Halloween, wanda ake shigar dodanni da fatalwowi, gasa ta fi zafi. Fim ɗin da aka ɗaga sau biyu ko uku ba tare da dalili bayyananne ba, sa masa ido. Haka wanda aka hana masu sharhi fitar da ra'ayinsu sai ranar fitowarsa. Wanda aka kai bikin baje kolin finafinai kamar Sundance ko na Toronto watanni kafin fitowa kuwa, masu shi ba sa tsoron a gani.

Yawan waɗanda suka kalli talla ba shaidar inganci ba ce. Tallar fim ɗin It ta 2017 an kalle ta sau miliyan 197 a awa 24. Wannan ya nuna yawan masu ɗoki ne kawai, domin ba su ga fim ɗin ba a lokacin.

Mataki na tara: faɗi ra'ayinka daidai gwargwadon abin da ka gani

Koma ga amsar da ka ajiye a mataki na uku. Abin da ya rage a ranka, ya tsira bayan ka kashe murya? In hoto ne ko tambaya, kuma yana nan, to daga fim ɗin yake. In ya ɓace, na edita ne.

Sai ka tsara maganarka kashi uku, ko a rubuce ko a majalisa: abin da na gani, abin da nake zato, abin da zai sa in canja ra'ayi. Misali: "Hotunan gidan sun kama ni ko babu sauti, kuma ba a nuna abin da ke bin su ba. Ina zaton mai sanyin tafiya ne, ba na zabura ba. In talla ta biyu ta fito da dodon a fili, zan sauko." Wanda ya ji wannan ya san ko irin fim ɗinsa ne, ba kamar wanda aka ce wa "zai yi wuta" kawai ba.

Ni ina da ɗan littafi da nake rubuta irin wannan a ciki: sunan fim, ranar da na ga tallar, layi uku na hasashe, sai in bar fili a ƙasa. Ranar da na kalli fim ɗin in dawo in cike filin. Da na waiwayi shafukan baya, sai na ga a finafinan tsoro hasashena kan yi kusa, amma a na almara nake yawan faɗuwa, kullum kuma ta hanya ɗaya: babban birni a cikin gajimare da kiɗa mai tashi, sai in manta ban tambayi wane ne jarumin ba. Yanzu a saman kowane shafi na fim ɗin almara, tambayar nan nake fara rubutawa kafin in danna tallar.